Idon ƙanwata ya dushe bayan hawan jinin ciki, zai dawo kuwa?

Yayar Auta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah duk wanda ya san harkar ido ko ta masu ciki ya taimaka mini da bayani, hankalinmu ba a kwance yake ba.

Ƙanwata ce, autarmu, shekararta 21, kuma cikin fari. Cikin ya zo mata da sauƙi, ko laulayin kirki ba ta yi ba. Da ya shiga wata takwas sai ƙafafunta suka fara kumbura, daga nan hannu da fuska, har sai da muka sa sabulu kafin zobenta ya fita. Kowa ya ce ai haka cikin fari yake, wasu ma suka ce tagwaye ne. Sai ciwon kai ya biyo baya, irin wanda farasitamol ba ya taɓa shi, ga wani ciwo a ƙahon zuciya da aka ce olsa ce. Ranar da abin ya tsananta tana zaune tana tsintar shinkafa, ta ɗago ta ce mini, "Yaya, wasu 'yan wuta nake gani suna walƙiya, kuma bakin tiren nan ya karkace." Tiren kuwa lafiyarsa ƙalau.

Da muka je asibiti aka auna jininta 178 bisa 116, aka gwada fitsari aka ce akwai furotin da yawa. Nan take aka ba ta gado, aka yi mata wata allura a jijiya da kuma ɗuwawu biyu, ta ce jikinta duk ya ɗau zafi. Likita ya ce cikin sati 35 ne amma ba za a jira ba. Aka tayar mata da naƙuda, Allah ya sauke ta lafiya, ta haihu da kanta, 'ya mace, 'yar ƙarama amma tana kama nono. Ba ta yi jijjiga ba, alhamdulillahi.

Washegari na miƙa mata jaririyar, ta riƙe ta dab da fuskarta, ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da kuka. Ta ce tana ganin zanin goyon, tana ganin hasken taga, amma fuskar yarinyar ta zama hazo. Idanun duka biyu ne, na hagu ya fi. Likitan ido ya zo ya ɗiga mata magani, ya jira, ya haska da wata fitila da ya ɗaura a goshi. Ya ce ruwa ne ya taru a bayan idon ya ɗaga tantanin gani, a katinta ya rubuta serous retinal detachment. Ya ce ba aiki, ba maganin ido, a kula da jininta kawai, ta dawo bayan sati biyu.

Yanzu tana gida wajen Inna tana wanka, kuma gidan ya rabu gida biyu. Goggonmu ta ce yunƙurin naƙuda ne ya sa jinin haihuwa ya hau mata ka, maganinsa wankan ruwan zafi da kunun kanwa mai kauri, kuma akwai wani mai maganin ido da za ta kira. Mijinta shi kuma ya duba a intanet ya ga an ce in tantanin nan ya ɓalle ba a kwana, ya dage a tafi Kaduna a yi mata aiki ko da zai sayar da babur ɗinsa. Ni ce a tsakiya. Idon nan zai dawo? Me ya sa likita ya ƙi yin komai? Kuma kanwar nan mu bar ta ta sha?

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu. 'Yar'uwa, ni dai ina bayan mijinta. Mahaifinmu haka ya fara, walƙiya da baƙaƙen ɗigo a ido ɗaya, daga baya inuwa ta rufo masa daga ƙasa. Lokacin da ya ga likitan da ya san abin, aka ce tantanin ya daɗe da ɓallewa. An yi aikin, amma har ya rasu idon bai wuce ganin haske ba. Sati biyun nan da aka ce ku jira ni tsoro yake ba ni. Ku nemi wani likitan ya sake dubawa, kada ku zauna.

Likitan ido, Kaduna:

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Ban ga idon ƙanwarki ba, don haka maganar wanda ya duba ta ita ce a gaba. Amma abin da ya faɗa muku ya yi daidai da abin da kika bayyana, kuma zan yi ƙoƙarin nuna miki dalili.

Malam Baban Khalifa, Allah ya jiƙan Baba. Gaskiyarka a kan irin nasa, sai dai ciwo biyu ne da suna ya haɗa. Irin na Baba yagewa tantanin yake yi, ruwan cikin ido ya bi ta kafar ya shige ƙarƙashinsa ya riƙa ɓamɓaro shi. An fi ganinsa ga manya, da masu gilashin hangen nesa mai ƙarfi, da wanda aka buge a ido ko aka yi wa aikin yana, kuma yawanci ido ɗaya yake farawa. Wannan ba ya warkewa da kansa, dole a toshe kafar, kuma kowace rana tana da tsada. Irin wannan ne mijinta ya karanta.

Na masu hawan jinin ciki ba yagewa a cikinsa. A bayan retina, wato tantanin da ke ɗaukar hoton abin da muke gani, akwai shimfiɗar ƙananan jijiyoyin jini masu yawan gaske da ke ciyar da shi. Tsakaninsu kuma akwai wani siririn layi, aikinsa ya riƙa zuƙe ruwa don tantanin ya zauna manne a wurinsa. Ciwon da ta yi, preeclampsia, daga mabiyiya yake tasowa, yana sa jijiyoyin jinin jiki duka su tsuke su kuma riƙa yoyo. Yoyon nan ne ya kumbura mata hannu, shi ne ya zubar da furotin a fitsari, shi ne kuma ya kai ido. Jini ya ragu a wancan layin, ya kasa zuƙa, ruwa ya taru ya ɗago tantanin, kamar yadda danshin damina ke shiga bayan fenti ya tasar da shi daga bango ba tare da ya tsage ba. Shi ya sa ya kama ido biyu tare, shi ya sa ta ga bakin tire a karkace tun kafin naƙuda. Ki faɗa wa Goggo yunƙuri ba shi da laifi a nan.

To me za a yanka? Babu kafar da za a toshe. An raba ta da mabiyiya, in aka riƙe jinin a ƙasa layin zai farfaɗo ya shanye ruwan da kansa. Yawancin mata ganinsu yana dawowa cikin 'yan makonni, wasu sai ya kai wata biyu ko uku kafin ya gama washewa. Ba zan ce miki kowa da kowa ba. Akwai waɗanda ake bari da 'yan tabo a bayan idon, su riƙa ganin rubutu da ɗan karkata ko launi ya ɗan disashe, akwai kuma ƙalilan da ganin ba ya cika. Abin ba shi da yawa. Adadin da aka fi ambata shi ne mace 1 ko 2 cikin 100 na masu tsananin ciwon, amma ga waɗanda suka kai ga jijjiga yana kusantar 1 cikin 10.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, ciwon nan na ƙahon zuciya. Sau da yawa ba olsa ba ce, hanta ce. Akwai wani mataki na ciwon da ake kira HELLP, inda hanta ke taɓuwa kuma ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ragu, kuma matsalar idon nan ta fi zuwa tare da shi. Ki duba takardun sallamarta ko an yi gwajin hanta da na ƙwayoyin jini, in ba ki gani ba ki tambaya.

Kafin ranar komawa, kowace safiya ta rufe ido ɗaya da tafin hannu ta kalli layukan littafin rubutu ko gefen ƙofa, sannan ta canza ɗayan. Layukan su riƙa miƙewa, hazon ya riƙa raguwa. In ta ga baƙaƙen ɗigo sun ɓarko lokaci ɗaya, ko inuwa ta taso daga gefe tana ci gaba, ko idon ya yi ja yana ciwo, ko ganin ya ƙara lalacewa, ranar za ku koma, ba sai sati biyun ya cika ba. Kada a sa mata komai a ido, ba nono, ba ruwan sikari, ba na mai magani, ba na kyamis. Matsalar tana can baya inda ɗigo ba ya kaiwa, gaban idon da yake lafiya kawai za a ɓata. Gilashi ma kada a yanka yanzu, awon zai canza in ruwan ya janye.

In hankalin mijinta ba zai kwanta ba sai wani ya sake gani, ba laifi ba ne. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da sashen ido na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku tambayi hoton bayan ido da ake kira OCT, ba ya ciwo, yana nuna kaurin ruwan, a kwatanta da na gaba. Amma ya bar babur ɗinsa tukuna, kuma kada a ɗauki mai jego doguwar tafiya sai an auna jininta an ga ya zauna.

Maman Nafissa, Maraɗi:

Salamu alaikum. Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ni nawa ma ya fi nata ban tsoro. A haihuwata ta biyu tansiyona ya kai 19, mu nan haka ake faɗinsa, wato 190 a lissafinku. Na yi jijjiga a gida, ban san sanda aka kai ni gidan likita ba. Da na farka na ce a kunna fitila, ashe rana ce tsaka. Baƙi ƙirin, ko hannuna ba na gani. Ina jin kukan ɗiyata kusa da ni, sai da mamata ta kama hannuna ta ɗora a kanta.

Lokotoro ya haska idona ya ce idon lafiya lau, wurin da ke karɓar gani a bayan ƙwaƙwalwa ne ya kumbura saboda tansiyon. Suka yi ta fama da shi har ya sauka. Kafin ranar suna na fara ganin inuwar mutane, daga baya komai ya dawo. Yanzu ni nake zura zare a allura da kaina. Na san ba iri ɗaya ba ne da nata, amma tushen ɗaya ne.

Abin da zan roƙe ki, kada a bar ta ita kaɗai da jaririya a hannu in za ta tashi ko ta sauka matakala, kuma a daina cewa "wayyo ta makance" a gabanta. Na ji irin wannan maganar daga 'yan barka, ta fi duhun yi mini ciwo.

Anti Ungozoma:

'Yata, likita ya gama da ido, bari ni in yi maganar da ta fi damuna. Kun zuba hankalinku duka a kan idon, ni kuwa jinin nake jin tsoro. Mutane suna ɗauka da an haihu an rabu da shi. Sau da yawa jinin yakan sake hawa tsakanin kwana 3 zuwa 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka ana shirin suna, kuma haɗarin jijjiga ko shanyewar ɓarin jiki yana nan har sati shida. Kwana arba'in ɗin nan da take wanka, su ne kwanakin da za ku tsare ta.

Allurar da ta ce ta sa mata zafi magnesium sulphate ce. Ba ta hawan jini ba ce, ta hana jijjiga ce. An yi wani babban bincike a ƙasashe 33 da mata sama da 10,000, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Amma aikinta na kwana ɗaya ne bayan haihuwa, ta riga ta fita daga jikinta. Abin da ke tsare ta yanzu ƙwayoyin da aka sallame ta da su ne. Ta sha su a kan lokaci ko da kanta ya daina ciwo, kuma tunda ba ta ganin rubutun kwalin, ke ki riƙa ɓallo mata da hannunki.

Kanwa kuwa, a'a. Ba na raina al'adarmu, ni ma da ita aka yi mini jego. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki ta ɗaga jini, ita kuwa ruwan ne ma ya yi mata yawa har ya kai bayan ido. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Mai lafiya ma yakan wahalar da ita, balle wadda aka auna 178. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya ba kanwa, a rage gishiri da dunƙulen miya a farfesunta, ruwan wanka a sirka shi ya zama mai ɗumi. Nono zai zo, yawan ba wa jaririya ne ke kawo shi.

Ku samu na'urar awo, ko a riƙa kai ta asibitin unguwa, safe da yamma a rubuta a littafi. In kuka ga na sama ya kai 160 ko na ƙasa 110, ba jiran gari ya waye. Haka in ciwon kan ya dawo, ko ciwon ƙahon zuciya, ko amai, ko haki da tari in ta kwanta. In kuma, Allah ya kiyaye, ta fara taune-taune, ku kwantar da ita a gefenta, kada a cusa cokali a bakinta, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, kada a yi hayaƙi. A nemi mota, addu'a a yi ta a hanya.

Game da Goggo, kada ki ja da ita, ƙauna ce ta sa take yi. Ranar komawa asibiti ki ce ita za ta raka ku. In ta ji daga bakin nas da kunnenta, ita da kanta za ta hana kowa kawo kanwar.

Yayar Auta:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na karanta wa Inna da mijinta, ya haƙura da maganar aikin, amma ya ce zai kai ta a yi hoton nan in jinin ya zauna. Maman Nafissa, na karanta wa Auta naki har sau biyu, ita ta ce in maimaita.

Likita, na duba takardun, an yi gwajin, an rubuta hantar ta ɗan taɓu kuma an ce a sake in mun koma. Mun aro na'urar awo wajen maƙwabta, jiya da yamma 152 bisa 98, yau da safe 146 bisa 94. Da idon dama ta ce layukan littafin sun fara miƙewa, har ta gane agogon bango, na hagun dai har yanzu hazo ne a tsakiya. Goggo ta yarda da kunun gyaɗa, ruwan wankan ne muke ta fama, sai na faki idonta nake ƙara na sanyi.

Anti, saura tambaya biyu. Ƙwayar da take sha nifedipine ce, Inna tana tsoron kada ta bi nono ta cutar da yarinyar. Sannan ita Autar ta tambaye ni cikin dare ko duk cikin da za ta yi haka zai zama. Na rasa amsar da zan ba ta.

Anti Ungozoma:

Ki ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, nifedipine yana cikin waɗanda muke ba masu shayarwa, abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai. Awon da kika kawo ya sauka amma bai kai inda ake so ba, ana son ya koma ƙasa da 140 bisa 90. Ki kai littafin asibiti cikin satin nan su gani ko za su gyara mata adadin, kada ku ƙara ko ku rage da kanku.

Ita kuma ki faɗa mata gaskiya: yana iya dawowa, amma yawanci ba ya dawowa. Cikin mata shida da suka yi shi, kusan ɗaya ce ke sake yi a ciki na gaba. Ta huta sosai kafin wani cikin. In ya samu, ta fara awo kafin wata uku ya cika, ba sai ya fito ba, don irinta likita kan sa su a kan ƙaramin asfirin tun daga sati 12, sau da yawa har da kalsiyam, kuma suna rage haɗarin. Likita ne zai rubuta, ba a kyamis za ta saya da kanta ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai ciki aƙalla sau 8, ita nata zai fi haka, kuma a asibitin da ke da likita da wurin gwajin jini za ta haihu. Ko ba ciki, ta riƙa auna jininta duk shekara, domin waɗanda suka yi wannan ciwon sun fi saurin kamuwa da hawan jini nan gaba.

Takardar sallama da ta likitan ido, ki ɗauki hotonsu a waya yau ɗin nan kafin su ɓace a kayan suna, ki tura wa mijinta shi ma ya ajiye. In kun dawo daga wajen likitan idon ki sanar da mu abin da ya ce game da na hagun.